LAIFI TUDU NE

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya gabatar wurin babban taron shekara, bayan kaka. An buga shi nan domin ƴan uwa na nesa da ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



Maigari da dattawan gari, iyayenmu maza da mata, malamai, yayyenmu da ƙannenmu na gida, da ku da kuka taso daga Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Kano, da Legas, da Kwatano, da Abijan, muna gaishe ku da gajiyar hanya, muna yi muku barka da kaka. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tsakanin taron bara da na bana, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu bayan nasu.

Kafin ma'aji ya karanta lissafin asusu, mun roƙi dattawa su ba mu ɗan lokaci, kuma sun ba mu. Kowa ya san abin da ya faru bara. Famfon gari ya lalace, aka buɗe asusu, kuɗin bai kai ba. Aka yi maganganu masu zafi. Daga wannan gefe aka ce ƴan bariki sun manta gida. Daga wancan gefe aka ce na gida ba su iya komi ba sai miƙa hannu. A ƙarshe aka ɗora wa kwamiti ya rubuto sunayen waɗanda suka yi shekara 2 ba su zuba ba, domin a karanta su gaban jama'a, a kuma soke su daga littafin ƙungiya.

To, ga takardar nan hannunmu. Mu muka rubuta ta, kuma ba mu ɓoye muku ba, cikin fushi muka rubuta ta. Amma tun daga lokacin mun ga abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Har wa yau, ɗaya daga cikinmu, malamin lakkwal ne, ya karanta wani fanni da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam cikin jama'a, watau binciken yadda mutum ke ɗaukar kansa da yadda yake ɗaukar waɗansu. Ya zauna da mu dare da dama yana yi mana bayani. Abin da muka fahimta shi ne muka kawo muku, domin ku ji shi kafin a ɗaga hannu.

1. TIYA BIYU

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa ya san labarin ɗan awo mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Ran da aka kama shi, ba shi da sauran mutunci a kasuwar nan. To, ku yi haƙuri da abin da za mu faɗa: kowanenmu yana da tiya biyu cikin zuciyarsa, kuma bai san yana da su ba.

In mu muka makara wurin jana'iza, sai mu ce mota ce ta lalace. In wani ya makara, sai mu ce ba shi da zumunci. In mu muka kasa biyan bashi, shekara ce ta zo da wuya. In wani ya kasa, mai taurin bashi ne tun fil azal. In ɗanmu ya faɗi jarrabawa, malami ne bai koyar ba. In ɗan maƙwabci ne, ai gidansu ba a san su da ƙwaƙwalwa ba. Watau namu kuskuren muna auna shi da halin da muka samu kanmu ciki, na wani kuwa muna auna shi da halinsa. Kalma ɗaya ce, hali, amma tsakanin “halin da yake ciki” da “halinsa” akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Kakanninmu sun riga sun gano wannan, shi ya sa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne sun gwada maganar, sun ƙidaya, sun ga iyakarta.

2. ABIN DA AKA GWADA

A shekarar 1967, waɗansu malamai biyu a Amurka, Edward Jones da Victor Harris, suka ba ɗalibai rubuce-rubuce su karanta, waɗansu na yabon Fidel Kastro shugaban Kuba, waɗansu na sukarsa. Aka gaya wa masu karatun a fili cewa marubucin ba shi ya zaɓi gefen da ya rubuta ba, umurtarsa aka yi. Duk da haka, da aka tambaye su ra'ayin marubucin na gaskiya, sai suka karkata ga cewa mai yabon nan lalle yana son Kastro. Sun ji dalili da kunnensu, amma zuciyarsu ta koma kan hali. A 1977 wani malami mai suna Lee Ross ya raɗa wa wannan abu suna, ma'anarsa babban kuskure wajen ɗora dalili, domin ya ga shi ne tushen kurakurai da yawa da mutane ke yi wajen hukunta juna.

Gwaji na biyu ya fi taɓa mu. A 1973, John Darley da Daniel Batson suka ɗauki ɗalibai 40 na wata makarantar koyon limancin Kirista a Amurka. Aka ce wa kowane ya tafi wani gini ya yi ɗan jawabi, har waɗansu an ce su yi shi kan labarin da ke cikin littafinsu na matafiyin da ya taimaki wanda aka yasar bakin hanya. Waɗansu aka ce musu sun makara, su yi sauri. Waɗansu aka ce akwai sauran lokaci. A kan hanyar kuwa an ajiye wani mutum a duƙe, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba su cikin sauri, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Cikin waɗanda aka ce sun makara, kashi 10 kawai. Makaranta ɗaya, karatu ɗaya, hanya ɗaya. Abin da ya raba su kalma ɗaya ce: “ka makara”. Da muna tsaye bakin hanyar nan, da mun ce wannan mai tausayi ne, wancan marar imani, alhali ba mu san abin da aka raɗa wa kowane a kunne ba.

Mu faɗi iyakar abin kuma, domin gaskiya ta fi. A 2006 wani mai suna Bertram Malle ya tattara bincike 173 da aka yi kan bambancin yadda mutum ke bayanin aikinsa da na wani. Sai ya tarar ba kullum bambancin ke fitowa ba. Inda ya fi fitowa shi ne wurin abin da ya ɓaci. In kuwa abin kirki ne, sai tiyar ta juya: namu alherin daga halinmu ya fito, na wani sa'a ce ya yi. Kun ga ashe masu karin magana ba su yi kuskure ba da suka ce laifi ne tudu, ba su ce kowane aiki ba.

Me ya sa haka? Ba sai mutum mugu ne ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Halin da muke ciki muna jin sa a jikinmu, yunwarsa da bashinsa da tsoronsa. Na wani kuwa ba mu ganin komi sai shi kansa da abin da ya aikata. Ido na kama mutum, ba ya kama dalili.

3. NA WAJE DA NA GIDA

Yanzu mu dawo gida. Na gida yana ganin ɗan cin rani sati ɗaya ko biyu cikin shekara, lokacin salla, da sabuwar shadda, da agogo, da talho a hannu. Bai ga sauran watanni ba. Bai ga ɗakin da mutum 8 ke kwana ciki ba, ko tura kurar ruwa tun asuba, ko gadin dare cikin sauro, ko guje wa masu tambayar takardu. Bai san wata shaddar ma bashi ce ba, an ɗinka ta domin kada a shigo gari da kunya. Sai ya auna shekara duka da satin salla, ya ce wane yana da shi, rowa ce kawai.

Na waje kuma yana ganin gida kamar ran da ya baro shi. Kuɗin tiyar hatsi da ke kansa na wancan lokaci ne. Bai ga shukar da ta ƙone aka sake ba, bai ga zazzaɓin damina ba, bai ga baƙon da ya sauka ba, bai ga sunan da aka yi ba. Ya aiko jikka 20, wata bai ƙare ba aka sake kira, sai ya ce cin kuɗi ne.

Za mu ba ku labari biyu ba tare da suna ba, kuma muna roƙo kada kowa ya shiga lissafin su wa ake nufi.

Cikin takardar nan akwai sunan wani yaro da ya yi shekara 2 ba kuɗi ba sallama, har lambar talhonsa ya canza. Mu da kanmu mun ce bariki ta cinye shi. Da ɗaya daga cikinmu ya je garin da yake, ya neme shi, sai ya iske shi yana ɗingishi. Mota ce ta buge shi yana tura kura, ya yi watanni kwance, ɗan abin da ya tara ya tafi wurin magani da mai ɗori. Aka ce masa don me ba ka faɗa ba? Ya ce duk kiran da ya shigo daga gida, bayan gaisuwa sai “a aiko”, shi kuwa ba ya iya buɗa baki ya gaya wa mahaifiyarsa ba shi da shi. Kunya ce ta rufe masa baki, mu muka karanta ta raini.

Na biyu, wani ɗan uwanmu na waje ya aiko wa wansa kuɗin gina ɗaki. Ya zo gida ya tarar ko tubali ba a buga ba. Ya juya ransa ɓace, ya daina gaishe shi. Daga baya ta fito cewa rumbu ne ya ƙare tsakiyar damina, ga kuma ɗan mai aiken kansa ya kwanta ciwo, wan ya sayi hatsi ya kai yaron likita. Bai faɗa ba domin kada ya ta da hankalin ƙanensa a ƙasar mutane. Shi ma rufin asiri ya yi, aka kira shi macin amana.

Dattawan da ke nan sun fi mu sanin cewa hannun ɗan cin rani ba shi kaɗai ke riƙe da shi ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takardu sati 2 su fita. A watan Janairu na 1983 Najeriya ta yi haka, mutum fiye da miliyan 1 suka fita, da namu ciki. A 1984 aka rufe iyakar Najeriya ana cikin fari, har yunwar shekarar ta samu suna El-Buhari, ba a buɗe ba sai 1986. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2011 yaƙin Libiya ya koro dubban ƴan ƙasarmu, da yawa hannu wofi. A 2023 aka sake rufe iyakar Najeriya har zuwa watan Maris na 2024, naira kuma ta faɗi, wanda ke aiko abin da ke sayen buhu ya koma aiko abin da bai kai rabi ba, alhali guminsa bai ragu ba. A kowane daga cikin shekarun nan an samu gidan da aka zauna aka ce wane ya lalace. Ba shi ya lalace ba, zamani ne ya murɗe.

4. KOWA NA GANIN KAYANSA SUN FI NAUYI

Akwai wani abu kuma da ya ɓata mana taron bara. Na waje suka ce su ke riƙe da ƙungiya, domin su ke zuba kuɗi. Na gida suka ce su ke riƙe da ita, domin su ke jidar yashi, su ke kwana wurin marar lafiya, su ke haƙa kabari. Kowane gefe ya yi rantsuwa, kuma mun gaskata babu maƙaryaci.

A 1979, a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly suka tambayi ma'aurata 37, miji daban mata daban, kowa ya faɗi rabonsa cikin ayyukan gida iri 20. Da aka haɗa amsar miji da ta mata, a ayyuka 16 cikin 20 sai jimlar ta zarce aikin da ke akwai. Watau kowa ya ɗauki rabon da ya fi nasa. Abin mamaki, har wajen ta da rigima cikin gida an samu kowa na ɗaukar rabo mai yawa. Kun ga ba son kai kaɗai ba ne. Dalilin shi ne mutum yana tuna duk abin da ya yi da hannunsa, na abokinsa kuwa sai wanda ya gani. Ɗan Abijan yana tuna kowace jikka da ya aiko da abin da ya hana cikinsa kafin ya aiko ta. Bai ga ranar da wansa ya yini cikin rami yana yasar rijiya ba. Wan kuma yana tuna ciwon bayansa, bai ga daren da ƙanen ya kwana da yunwa ba.

Mu ma kwamiti muna da laifi nan, domin littafin ƙungiya kuɗi kawai yake rubutawa. Abin da ba a rubuta ba kuwa, mai shi kaɗai ke tuna shi.

5. “MU” DA “SU”

Ku lura da yadda bakinmu ya canza cikin ƴan shekarun nan. Da muna cewa wane ɗan wane. Yanzu muna cewa ƴan waje, ƴan gida, ƴan Legas, ƴan Yamai. Kada mu raina wannan.

Wani malami mai suna Henri Tajfel, Bayahude haifaffen Folan wanda aka kashe mafi yawan danginsa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙare rayuwarsa yana neman sanin abin da ke sa jama'a ta tsani jama'a. A binciken da ya buga a 1971, ya ɗauki yara ƴan makaranta ɗaya a birnin Biristol na Ingila, masu shekara 14 zuwa 15, ya raba su gida biyu kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar ƙiyasin yawan ɗige-ɗige jikin allo. Kowane yaro an gaya masa ɓangarensa kawai, bai san su wa ke ciki ba. Aka ce su raba wa waɗansu lada, ba su da rabo ciki. Sai suka riƙa fifita ɗan ɓangarensu. Har waɗansu suka gwammace ɗan ɓangarensu ya samu kaɗan, muddin ya fi na wancan ɓangare. Ba gaba, ba gado, ba gona. Suna kawai aka raba musu.

In suna kaɗai na yin haka ga yaran da ba su da abin faɗa, ina ga mu da ke da kuɗi tsakani? Da zarar an ce “su”, sai wake ɗaya ya ɓata gari. Mutum ɗaya na waje ya ƙi zubi, sai a ce haka suke. Mutum ɗaya na gida ya taɓa kuɗin aike, sai a ce duk halinsu ne. In kuwa cikin “mu” aka samu mai laifin, sai mu ce ai wane ne kawai, kowa ya san shi.

Maganin fa? A 1954 Muzafer Sherif, mutumin Turkiyya mai koyarwa a Amurka, da abokan aikinsa suka kai yara 22 wani sansanin daji a jihar Oklahoma, suka raba su biyu, suka sa su gasa har ta kai ga zagi da ƙona tuta. Daga nan aka nemi shirya su. Aka haɗa su cin abinci wuri ɗaya, sai suka yi ta jifar juna da abincin. Abin da ya sassauto da su shi ne wahalar da ta shafi kowa: ruwan sansanin ya yanke suka nemi gyara tare, motar kawo abinci ta ƙi tashi suka ja ta da igiya tare. Masu bin diddigi na baya sun nuna cewa manyan da ke kula da yaran sun sa hannu wajen hura wutar gabar, kuma a wani gwaji da aka fara yi a 1953 yaran sun gane ana zuga su, sun ƙi faɗa. Wannan ma darasi ne: gaba takan samu mai hura ta. Amma ku duba abin da ya haɗa yaran can, ruwa ne. Mu kuwa ruwa ne ya raba mu bara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma waɗanda suka ɗauki jinka tare ba su cika zagin juna ba.

6. TO, BABU MAI MUGUN HALI KE NAN?

Mun san akwai dattijon da ke cewa cikin ransa, yaran nan so suke su wanke kowa. A'a, baba. Hali gaskiya ne, shi ya sa aka ce zanen dutse ne. Har wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a 1974 kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa abubuwa kamar gaskiya, da amana, da karamci, da haƙuri, da kunya, da mutunci, da adalci. Akwai mai su, akwai marar su. Abin da muke cewa shi ne ba a gane hali daga aiki ɗaya da aka hango daga nesa. Kuma adalcin da ke cikin lissafin nan, ai ya hau kan mai hukunci kafin wanda ake hukuntawa.

Wani malami, Harold Kelley, ya tsara a 1967 tambayoyi 3 da mai hankali ke yi kafin ya ɗora laifi kan hali. Ga su cikin harshenmu.

Ta farko: haka ya saba, ko yanzu ya fara? Wanda ya yi shekara 10 yana zubi sa'an nan ya tsaya, wani abu ne ya same shi.

Ta biyu: waɗanda ke inda yake, su ma haka suka yi? In duk ƴan uwanmu da ke gari ɗaya sun tsaya lokaci ɗaya, to, a dubi garin, ba mutanen ba.

Ta uku: nan kaɗai yake haka, ko ko'ina? Wanda bai zuba wa ƙungiya ba amma yana ciyar da iyayensa, yana sauke baƙinmu, daban yake da wanda ya yasar da kowa.

Da muka bi takardarmu da tambayoyin nan, sai muka ga a mafi yawan sunaye ba mu da amsar ko ɗaya. Mun yanke hukunci ba mu yi tambaya ba.

Kada kuma a ce wannan ciwo ne da ba shi da magani. Mafi yawan gwaje-gwajen nan kan ɗaliban ƙasashen Turawa aka yi su, kuma an ga ba ko'ina abin ke da ƙarfi ɗaya ba. A 1984 Joan Miller ta gwada mutanen Shikago a Amurka da na Maisur a Indiya. Ƙananan yaran ƙasashen biyu kusan iri ɗaya suke bayanin abin da wani ya aikata. Amma manyan Amurka sun fi cewa halinsa ne, manyan Indiya sun fi duban matsayinsa da nauyin da ke kansa. Watau abu ne da ake koya, abin da ake koya kuwa ana iya gyara shi. Mu ma iyayenmu sun koya mana faɗin “wataƙila da dalili”, malamanmu kuma kullum suna horo da kyautata zato. Nisa da talho ne suka sa muka fara mantawa.

Abu na ƙarshe. Wani zai ce, to, in zauna in sa kaina matsayinsa. Wannan ma bai isa ba. A 2018 Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley suka buga sakamakon gwaji 25, suka tarar ƙoƙarin hasashen abin da ke zuciyar wani bai sa mutane sun fi dacewa da gaskiya ba. Abin da ya yi amfani shi ne a tambaye shi, a saurara. Zumunta a ƙafa take, ba a zato take ba.

7. ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Na 1. Kada a karanta takardar nan bana. Kowane suna a ba wani ɗan uwa da ke gari ɗaya da mai shi, ya taka ya je ya gan shi ido da ido, ya fara da tambayar lafiya kafin tambayar kuɗi, ya kawo wa dattawa amsa a asirce.

Na 2. Littafin ƙungiya ya samu shafi na biyu, inda za a rubuta aikin jiki: ranakun gayya, jinyar marasa lafiya, saukar da baƙi a birni, neman wa sabon zuwa aiki. A buga shafi biyun cikin wannan takarda tamu kowa ya gani.

Na 3. Wanda aka aiko wa kuɗi domin wani abu, larura ta sa ya kashe su wani wuri, ya sanar da mai su cikin satin. Na waje kuma da ya rasa abin aikowa, ya aiko gaisuwa. Iyayenmu mata, muna roƙonku, wani kiran ya zama na jin murya kawai.

Na 4. Aikin famfo da yasar rijiya a sa su lokacin da ƴan waje ke gida, kuma a gauraya mutane, kada a yi rukunin gida da rukunin waje.

Na 5. Wanda aka bincika aka tabbata yana da hali ya ƙi, dattawa su kira shi su yi masa faɗa tsakaninsu. In ya ƙi ji, dokar ƙungiya ta hau kansa, mu ne za mu fara ɗaga hannu.

Muna cikin magana mun hangi waɗansu suna murmushi suna satar kallon na kusa da su, watau “ka ji, da kai ake”. To, wannan ma an gwada shi. A 2002 Emily Pronin da abokan aikinta suka tarar mutane na saurin yarda cewa irin kurakuran nan suna damun sauran jama'a, amma su kansu da sauƙi. Sabo da haka kada kowa ya ɗauki jawabin nan ya kai wa maƙwabcinsa. Da mu ake, mu da muka rubuta takardar muka fi kowa.

Ga ta nan mun ajiye gaban Maigari da dattawa, a naɗe. Abin da kuka yanke shi za mu bi. Inda muka yi daidai, daga abin da kuka koya mana ne. Inda muka zarce, yara ne mu, a gafarce mu.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa masaukinsa lafiya.